Allurar Talibambam

Tun shekarar da aka yi wa kowa a Yawuri allurar talibambam, duk wanda ya tsorata sai ya kumbura suntum kamar kifin, wuƙa ba ta huda shi. Sai dai kowane kumburi yana cin rabonsa a zuciyar mutum.

Malam Nomau, tsohon masunci, ya kumbura sau shida. Likita ta ce na bakwai shi ne ajalinsa. Sai 'ya'yansa suka ɗauke rediyonsa, suka hana shi zuwa bakin kogi. Kowa da murmushi yake shiga ɗakinsa.

Da safe 'yarsa Tabawa ta kawo koko.

"Ina Innarku?"

"Ta je kasuwa, Baba."

"Shekaranjiya ma haka kika ce."

Ta yi murmushi.

Ya tuna yana yaro, yadda shi da abokansa suke tsokanar talibambam a kan yashi, ya kumbura ya sace, har ya daina motsi.

Ya dubi takalman matarsa a bakin ƙofa. Ya dubi jajayen idanun Tabawa. Wuyan rigarsa ya fara matse shi.

Ya ɗauki ludayi a hankali.

"To," in ji shi. "Allah ya ba da kasuwa."