Hanyar da Muka Gyara

"Tsohuwa, miƙo dutse!" in ji Towett.

"Bakinka ya fi hannunka aiki," matarsa Chelangat ta mayar masa. Muka kwashe da dariya.

Duk ƙauye mun fito gyaran hanyar dajin Mau, don an ce manya za su zo kan maganar ƙasar kakanninmu. Muka cike ramuka, muka yashe magudanai, har hannuwanmu suka yi kanta.

Da motocin suka iso, Towett ya tare su da zumar amyarsa.

"Yallaɓai, sannu da hanya. Ya na ga motocin wayam?"

Jami'in gwamnatin da ya zo da motocin ya sunkuyar da kai.

"Baba, ku muka zo kwashewa. Tun bara aka ce a tashe ku. Hanya ce ta hana mu."