Uwar Mangwaron Multan

Da ɗan kwangila ya tayar da injin yanka, mu 'yan sa-kai muka zagaye uwar mangwaron, bishiyar da ta girmi kakanninmu. Shekaru muna yi wa tsohuwar gonar nan ta birnin Multan ban-ruwa kyauta, ga shi an sayar za a gina gidaje. 'Yan sanda suka yi ta fizge mu ɗaya bayan ɗaya, muna ihu.

Tsohuwar da ke jagorantarmu kuwa ko gezau.

"Inna, yau irinta ya ƙare a duniya," in ji ɗan kwangila.

"Sare, ɗan nan, kada rana ta yi maka," ta ce. "Tun bara nake bin ƙauyuka ina aurar da rassanta. In ka gama, sai ka bi gida-gida."