Bature Mai Tabo a Gira

"Baba, ka sake ɓata hancin," in ji Badaru.

Malam Ishiyaku ya ci gaba da dama fentin mai. Wata bakwai ke nan duk Asabar yana hawo mota daga Gwaram zuwa Birnin Kudu, wai ɗansa malamin zane ya koya masa. Aiki ɗaya aka ba shi, ya kwaikwayi tsohon zanen wani Bature da ke cikin littafi. Sau tara yana yi, ko ɗaya bai yi kama ba.

Badaru ya gaji. Shi ne ɗan fari, saboda kunya uban bai taɓa kiran sunansa ba, balle ya zauna da shi kafin wannan koyon zanen.

"Mu haƙura haka, Baba. Ko littafin ba ka kallo."

"Ban zo kallon Bature ba."

Tsohon ya ja ɗan layi a girar hagu ta fuskar da yake zanawa. Badaru ya dubi zanen, hannunsa ya kai kan tabon da ke girarsa.

"Shekara arba'in ban kalle ka ba," in ji tsohon. "Zauna daidai, ban gama ba."