Manomin Rake da Farautar Tsutsa

Na ga ka dafe kunci kana cigiyar mai awartaki. Zauna tukuna ka ji wani misali.

An yi wani manomin rake a bakin fadama, mai haƙora farare tas, wanda ko ɓawon rake ba ya sa wa wuƙa. Wata safiya, raɓa ba ta bushe ba, balbelu na shawagi kan ruwa, sai ganyen rake ya shafi kuncinsa na dama. Shafa kawai. Wata azaba ta tsarga masa daga gefen hanci zuwa muƙamuƙi kamar walƙiya, kafin ya ce wayyo ta wuce. Tun daga ranar, ruwan alwala ya taɓa wurin sai ta dawo, iska ta busa sai ta dawo. Amma in ya kwanta, barci yake yi har da mafarki, ya gan shi cikin rake mai tsawon giginya, yana sha, zaƙi na gangaro masa a haɓa. Wanzamin garin ya ce tsutsa ce a haƙori, ya cire masa turmi guda. Haƙori ya fito fes, ba kogo ba baƙi, ciwo kuwa yana nan. Aka ce ai motsi ta ji ta koma na kusa. Haka aka yi ta bin tsutsar nan gida-gida, shi kuwa bawan Allah yana ta buɗe baki. Ni dai ban ga wautarsa ba, tausayi ya ba ni, don azaba ba ta barin mutum ya yi tunani.

Sai da gefen bakin ya zama kango ya tafi asibiti. Likitar ba ta ɗauki ƙarfe ba, tambaya ta yi ta yi. Ciwon yana daɗewa yana zugi? Yana hana barci? Dasashi ya taɓa kumbura? Duk ya ce a'a. Ta ce ciwon haƙori zama yake yi ya yi ta zugi, wannan kuwa da ke zuwa ya wuce don an shafi fata, jijiyar fuska ce, maganinta daban. Ya sha magani, ciwo ya lafa. Ya kama hanyar gida, harshensa na zagaya guraben haƙoran da ba ko ɗaya a cikinsu da ya yi masa laifi, kuma ba ko ɗaya da zai sake tsirowa.

Shi ne Hausawa ke cewa, an bar jaki ana dukan taiki.