Tsuntsun da Ba Ya Barin Reshensa

"Ga shi can, Mama!" in ji ɗana, yana miƙo mini madubin hangen nesa. "Shekara uku bai bar reshen nan ba, tun da matarsa ta mutu."

Baƙin da ya kawo bakin kogin suka hau ɗaukar hoto, wata har da hawaye. Albarkacin labarin nan aka ba ɗana shugabancin gandun dajin.

Ni kuwa shekara talatin ina koyar da ilimin halittu, ban taɓa jin tsuntsu mai zaman makoki ba.

Da suka koma inuwa shan ruwa, na lallaɓa ta cikin laka zuwa gindin bishiyar. Wari ne ya fara tarbata. Gawar tsuntsaye biyu irinsa a ƙasa, tsutsa na ci. Na ɗaga kai. An ɗaure ƙafar mai ran a jikin reshen da zare, har ta kumbura.

Koren zare, mai kauri. Wanda ɗana ya ara a wajena, wai zai ɗinke jaka.

Na jawo reshen ƙasa, na sa haƙori na tsinke zaren. Tsuntsun ya tashi.

"Mama! Me kike yi?"

"Zarena nake karɓa," na ce, da ƙarfi yadda baƙinsa za su ji.