Abin da Ya Tsiro a Gindin Tsamiya

Wari ne ya tsai da Na'Allah a bakin gonarsa. Shara ya zo yi, ko da yake shekara biyu ke nan ruwa na yaudarar ƙauyensu Tozai, kuma bazarar nan ko hadari bai taso ba. Ya ɗauka mushe ne, don a lokacin ba a rasa shi a kan hanya. Ya bi ƙudaje har gindin tsamiyar da ke kan iyaka.

Ba mushe ba ne. Wasu abubuwa ne suka faso busasshiyar ƙasa, ba ganye ba reshe, kowanne a naɗe kamar kunnen jaki, cikinsa baƙi-baƙi kamar hantar da ta kwana. Bai taɓa ganin irinsu ba. A jere suke, kuma ƙasar wurin an taɓa tona ta an mayar.

Daji ba ya shuka a jere. Wannan hannun mutum ne.

Nan take Bawa ya faɗo masa a rai, maƙwabcinsa na gona, wanda suka shekara uku suna jayayya kan tsamiyar nan. A ƙofar mai gari Bawa ya nuna shi da yatsa ya ce zai gani. Ya kuwa gani. Geronsa ya ƙone tun bai yi kai ba, sansa na noma ya faɗi, rumbu ya koma ɗakin ɓeraye. Matarsa Mairama hannayenta sun kumbura, tana susa har jini, ta ce sabulu ne. Ba don garin rogon da ta ce yayanta na aiko mata daga Turba ba, da tuni 'ya'yansu mata biyu sun kwanta. Shi da ya rantse a masallaci gidansa ba za a ci abincin daji ba, ga shi suruki na ciyar da shi.

Ya kafa fartanya. Ƙarƙashin kowane tsiro akwai curi kamar ƙwarya. Da ya sare ɗaya ruwansa ya taɓa shi, sai hannu ya kama ƙaiƙayi, irin na Mairama sak. Idanunsa suka rufe. Ashe har matarsa aka nufa!

Ya tone masu tsiron, ya bi layin ya tono waɗanda ba su fito ba, har ya tabbata ko ɗaya bai saura ba. Ya tara kara da busasshen kashin shanu, ya cinna wuta.

Hayaƙin ne ya jawo Bawa bisa jakinsa.

"Na'Allah, mi kaka ƙonawa haka?"

"Abin da kab binne! Ka koma ka gaya ma bokanka ya ci kuɗinka banza."

Bawa ya leƙa wutar, ya buɗe baki zai yi magana. Na'Allah ya ɗaga fartanya. Bawa ya girgiza kai ya kaɗa jakinsa.

Bai bar wurin ba sai da komai ya zama toka. A hanya ya yanke ba zai gaya wa Mairama ba. Wahalar da take ciki ta ishe ta, ba sai ya ƙara mata tsoro ba.

Ya tarar da ita zaune a bakin murhu, ba wuta, hannayenta a naɗe da tsumma, yaran sun jingina da ita. Ta tura masa kwando da ƙafa, ba ta yarda sun haɗa ido ba.

"Malam, ka gahurta mani. Yau ko muciya ba ni iya riƙewa, dole in gaya maka. Babu wani gari da ka zowa daga Turba. Gwazar giwa ce nig gino bakin gulbi, ita muka ci wata biyu. Gindin tsamiyar gonarka nib binne curayen don kar ka gani. Ka tai ka gino muna ukku, sauran su kai mu kaka."