Rabin Zauren da Bai Tafa Ba

Ana kunna fitilun sinima musu ya kaure. Wasu na cewa so ne ya yi wa attajirin cikin fim ɗin yawa. Wasu na cewa mahaukaci ne kawai mai kuɗi, tunda har ya saye kamfanin da budurwarsa ke aiki don ya san shigarta da fitarta.

Marubuciyar fim ɗin na tsaye bakin ƙofa tana sauraro, zuciyarta fes. Sai ga tsohon saurayinta, ɗan kwangilar da ta tsere wa, ya tsaya gabanta yana murza zoben hannunsa, sak yadda attajirin ke yi a fim.

"Har zoben sai da kika saka," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Ni ban ambaci sunan kowa ba."

Ya kafe ta da ido, ta ƙi sauke nata.

"Kin dai ji da kunnenki, rabin mutanen nan sun ce sonta yake. Ki dawo mu yi aure, na yafe miki."

Wai ya yafe mata! Maganar ta ƙona mata rai, amma sai ta yi murmushi.

"Na ji su. Yanzu duba ɗaya rabin."

Ya waiwaya. Mahaifiyarsa ce zaune a layin gaba. Marubuciyar da kanta ta kai mata katin gayyata. Tsohuwar ba ta tafa ba, ba ta tashi ba, hannunsa kawai take kallo.

Ya yi wuf ya cusa hannun a aljihu.

"Ka makara," ta ce. "Tun tsakiyar fim Mama ta gane ɗanta."